A Cikin Zomo

An buɗe wurin wasa a bakin titin Jahun:
lilo uku, jirgin ƙarfe mai zagaye,
da rumfar kwano inda ake sayar da shinkafa da kaza.
Ni ne zomon wurin.
Dubu biyu da ɗari biyar a wuni, kwana ukun Sallah.
Oga Nafi'u ya gindaya sharaɗi:
kar ka cire kai a gaban yara, kar ka yi magana,
zomo ba ya cewa sannu.

Kan ya fi kwando girma, soso ne da waya,
warin gumin wanda ya sa shi bara yana nan.
Ta bakin zomo nake gani,
ta wata raga tsakanin haƙora biyu,
kamar mai kallon sama daga cikin rijiya.

Bayan azahar motar garinmu ta sauke mutane.
Na hango zanin da na saya wa Hansatu,
na hango Barira a gefenta, 'yata,
shekara uku da wata biyar,
lalle a tafin hannu, takalmi ya fi ƙafa.
Suka zauna a tebur na huɗu.
Ta riƙe cinyar kaza da hannu biyu
kamar shaho na shawagi a kanta.

Oga ya ɗaga min gira. Na tafi ina tsalle,
ina kaɗa kunne, ina ɗaga hannu mai yatsa huɗu.

Yarinyar da ke jan gemun bunsuru,
wadda ta taɓa bin jaki har bakin fadama,
wadda in tsawa ta faɗi take cewa a sake,
ita ce ta ƙame.
Cinyar kaza ta faɗi cikin yashi.
Sai ihu, irin wanda ban ji ba ko ranar allura.
Ta shige ƙarƙashin tebur, ta ƙanƙame ƙafar uwarta:
Baba! Baba!
Ni take kira in zo in cece ta daga ni.

Mutane na ta dariya. Wata ta ɗaga waya tana ɗauka.
Wani ya ce, "Matsa kusa, ai sai da haka za ta saba."
Hansatu ta harare ni ta tsakanin haƙoran,
ita ta ɗinke min wutsiyar jiya da fitila.

Yaro bai san kuɗin shiga ba,
amma ya san zomo bai kai tsawon ƙofa ba.
Ya san ido yana ƙiftawa.
Ya san murmushi zuwa yake ya tafi,
wanda ya zauna daram a fuska, wani abu ne daban.
Mu manya ne muka koyi tafa wa irinsa.

Ban cire kai ba, damina na tafe, taki ya yi tsada.
Ban ce uffan ba.
Na ja baya, na zauna a ƙasa,
na zare takalmin zomo na hagu a hankali,
na tura ƙafata ƙarƙashin tebur:
babban yatsa mai tabon fartanya,
wanda take ja kowace asuba don in tashi.

Ihu ya koma shessheƙa.
Na ji ɗan yatsa mai maiƙon kaza ya taɓa tabon.
Ya janye.
Ya sake taɓawa.

Ba ta fito ba har aka kwashe kwanuka.

Da dare a tsakar gida, ina fifita ƙurajen zafi,
ta hau cinyata, ta duba ƙafar, ta duba wuyana,
ta kama kunnena ta raɗa min:
"Baba, zomo ya haɗiye ka ɗazu,
saura ƙafa ɗaya.
Gobe kar ka je."

Na ce to.
Hansatu ta yi kamar tana gyara wuta.
Can bayan rumbu, cikin buhun da na ɗaure,
kan yana ta murmushinsa a duhu,
da sauran kwana biyu.